Ɗan Akuyan Kirsimeti da Na Yanka a Gaban Baffana

Shekarun baya, tun gemuna bai wuce ƙwaya-ƙwaya ba, muna zaune a wani gidan haya a Jikwoyi da ke gefen Abuja, irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya wadda ake rigima a kanta duk ranar Asabar. A gidan aka haife ni, kuma mu kaɗai ne Hausawa a cikinsa. Akwai wani ɗan Tibi mai aikin gadi, akwai Bayarabiya mai sayar da kayan miya, akwai ɗan Ibo mai shagon magani, mai gidan kuma ɗan Gbagyi ne. Kafin in shiga firamare na iya gaisuwa da duk yarukan gidan. Zagi kuwa na fi iya shi, don shi yara suke fara koya wa juna.

Ɗakin da ke kallon namu na wani mutumin wajen Akwanga ne, Kirista, direba a wata ma'aikatar gwamnati. 'Ya'yansa suna kiransa Dadi, sai mu ma muka ɗauka, har yau ban taɓa kiransa da wani suna ba. Matarsa, Momi, nas ce a wani ƙaramin asibiti a Karu. Duk wanda ɗansa ya yi zazzaɓi a gidan nan, ƙofarta yake bugawa, ita kuma ta fito ɗaure da zani ta lallashi uwar yaron da ɗan abin da ta iya na yarenta. Ganin haka ne ya sa tun ina ƙarami na ce ni ma aikin jinya zan yi. Abin dariyar shi ne, ni mutum ne da ko kaza za a yanka sai in tuno da wani aike in bar gidan. Jini ba ya shiri da ni, amma ban taɓa gaya wa kowa ba, kowa kuma ya sani.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ta girme ni. Mahaifiyata ta ce shekarar farko da suka tare, Momi ta aiko da shinkafa da nama ranar Kirsimeti, suka karɓa suka yi godiya, suka ci shinkafar suka bar naman, don ba su san wanda ya yanka ba. Momi ta lura da kwanon da ya koma. Da shekara ta zagayo, sai ga Dadi da sassafe a bakin ƙofarmu riƙe da kaji, ya ce wa mahaifina ya taimaka ya yanka masa, don yana son abin da za a dafa a ɗakinsa ya shiga kowane ɗaki. Daga nan abin ya zauna. Kaji suka zama ɗan akuya, sauran Kiristocin gidan ma suka riƙa kawo nasu, Momi ta ware tukunya guda wadda ba a taɓa dafa abin da ba ma ci a cikinta ba. Ranar Babbar Sallah kuma Dadi ne mai riƙe wa mahaifina ƙafar rago, cinya guda tasa ce. Mahaifina tela ne a kasuwar Karu, amma a gidan nan Malam ake ce masa, saboda wuƙarsa.

Shekarar da na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ana saura 'yan watanni in fara, hawan jini ya kayar da mahaifina a kan keken ɗinkinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da yake faɗa. Dadi ne ya ɗauko shi a mota zuwa asibiti. Bayan an sallame mu, ni da Dadi muke ɗaga shi zuwa banɗaki, Momi kuma in ta dawo aiki ta zauna ta riƙa lanƙwasa masa hannu da ƙafa tana miƙewa, tana nuna mini yadda ake yi. Ta ce in aka dage da hakan, ana kuma kai shi asibiti, zai iya taka ƙafarsa.

A cikin watan Disamba sai ga Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga ƙauyenmu a bayan Malumfashi. Ƙauyenmu nake cewa, amma zuwana can bai taka kara ya karya ba, kuma duk zuwan da na yi yara binmu suke yi suna cewa ga 'yan Abuja. Baffa dogo ne, mai ƙarancin magana, shi ne babba a dangi, abin da ya yanke shi ake yi. Ya gaisa da kowa a gidan cikin mutunci, ya yi wa Dadi godiya har da riƙe hannunsa da hannu biyu. Washegari ya tara mu ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce tunda ɗinki ya tsaya, zaman birni ya ƙare, zai kwashe mu gaba ɗaya mu koma gida. Akwai ɗaki, akwai gona, akwai 'yan'uwa masu jinya, ni kuma in riƙa taya shi a rumfarsa ta hatsi.

 Karatun da na ci burinsa tun ina yaro na gani yana zamewa, ga kuma maganar Momi cewa in aka daina kai mahaifina asibiti, da wuya ya tashi. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta roƙi Baffa ya bar mu ko na shekara guda ne, ta ce ita za ta ci gaba da sana'ar ƙosanta, ni in yi karatu, mahaifina kuma ya samu magani.  Baffa ya ce zai ɗan zauna tare da mu ya ga irin zaman da muke yi da irin tarbiyyar da yaran suka samu a nan, sannan ya yanke shawara.

Daga ranar na zama Bahaushen da ya fi Hausawa. Na ninke wandunana na jins na tura ƙarƙashin katifa, kullum kaftani da hula, har zuwa ɗebo ruwa a rijiya. Ni ne sahun gaba a masallaci, ni da a da sai an tada iƙama nake shigowa da gudu ina goge ruwan alwala. In Bayarabiyar nan ta gaishe ni da Yarabanci kamar yadda muka saba, sai in amsa da Hausa a taƙaice in yi gaba, ta bi ni da kallo tana tambayar mahaifiyata ko ba ni da lafiya. Ƙannena mata na kafa musu doka, kada in ji turancin buroka a bakin kowa. Ita ƙaramar ta manta wata rana ta ce wa Baffa "Oga, abincinka ya yi ready", na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa bai ko ɗaga kai ba, amma na san ya ji. Mutum ne da yake zama a kan tabarma a bakin ƙofa da carbinsa, komai ya gilma ta tsakar gida sai ya gani. Ko tari ya yi sai in shiga lissafin abin da muka yi ba daidai ba.

Duk wannan shirin da nake yi, na manta da abu ɗaya, wato Kirsimeti na tafe, kuma hannun da yake yanka a gidan nan ya shanye.

Ana gobe Kirsimeti da yamma, muna zaune ni da Baffa a bakin ƙofa, mahaifina a kan kujerarsa daga ciki, sai ga Dadi ya shigo janye da wani baƙin ɗan akuya, yara na biye da shi suna murna. Ya ɗaure shi a jikin turken igiyar shanya, ya share gumi, ya juyo wajenmu yana dariya. Ya gaida Baffa, ya leƙa ya gaida mahaifina, sannan ya nuna ni da yatsa.

"My son, zo ka ga akuyanka," in ji shi. "Gobe kai ne Malam fa. Baban ka ya yi nasa, yanzu turn naka ne. Da safe before church, ka ji ko?"

Na ce to.  Dadi ya shige ɗakinsa yana waƙa, ni kuwa na zauna na yi tsuru-tsuru, ina jin idon Baffa a gefen fuskata.

Sai da muka yi sallar magariba muka dawo, Baffa ya tambayi mahaifiyata ma'anar maganar da ya ji. Ta ba shi labarin tun daga kwanon da ya koma da nama. Ya saurara har ta gama. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin Musulmi ya zama mai yanka wa bikin da ba nasa ba, kuma a gida da wani ya yi haka, da an daɗe ana maganarsa. Mahaifiyata ta ce ai malamin unguwa ya sani, bai taɓa hanawa ba. Baffa ya ce malaman birni suna da nasu karatun. Sai ya dube ni.

"Ba zan ce maka yi ba, ba zan ce maka bari ba," ya ce. "Ka girma. Ka san abin da ya dace da ɗan gidanmu."

Da ya hana ni kai tsaye, da ya fi mini sauƙi, sai in je in ce wa Dadi an hana ni. Amma ya bar mini abin a hannuna, kuma na san abin da na yi gobe shi zai auna mu da shi. In na yanka, zai ce Jikwoyi ta cinye yaran ƙaninsa, a tattara a tafi. In na ƙi, zan dubi mutumin da yake ɗaga mahaifina zuwa banɗaki in ce masa hannuna ya fi ƙarfin akuyarsa. Ga kuma abu na uku da ban gaya wa kowa ba, ko da duk duniya ta yarda in yanka, ban san ko zan iya ba. 

Da gari ya waye, bayan mun dawo daga masallaci, na je rijiya ɗebo ruwan wankan mahaifina. Sai ga Dadi ya zo kamar zai wanke fuska. Ashe Momi ta ji maganar jiya daga tsakar gida, don gidan nan ba ya riƙe sirri. Ya rage murya ya ce in kwantar da hankalina, ba ya son ya jawo mana matsala da baƙonmu. Ya ce zai je bakin titi ya kira mahauci ya biya shi, ai shi ma Musulmi ne, naman zai ciwu ga kowa.

"No wahala, my son," ya ce. "Karatunka ya fi akuya."

Wallahi na ji daɗi, kamar an sauke mini buhu daga kai. Amma na ga fuskarsa, ba fuskar mai jin daɗi ba ce. Mahauci zai yanka, nama zai ciwu, sai dai daga ranar abin ya zama ciniki, ba na gidan nan ba. Duk da haka na yi masa godiya, na ɗauki bokitina na koma ɗaki, na gaya wa mahaifiyata a hankali cewa an samu mafita.

Ban san mahaifina ya ji ba. Sai muka ji yana buga hannun kujera da hannunsa na hagu mai lafiya, yana wani ƙoƙarin magana. Mahaifiyata ta sunkuya ta kasa kunne, ta ɗago ta dube ni, ta dubi Baffa da ke zaune a bakin ƙofa. Wuƙa yake cewa. Ta yi kamar ba ta gane ba, ya sake bugawa da ƙarfi har kujerar ta girgiza. Dole ta miƙa hannu saman kwaba ta sauko da wuƙar a cikin kubenta na fata. Ya karɓa, ya ɗora a cinyarsa ya huta, don ko wannan ɗin aiki ne a wurinsa, sannan ya miƙo mini. Bai dubi yayansa ba ko sau ɗaya. Ya yi alama a fitar da shi waje.

Na tsaya da wuƙa a hannu ina jiran Baffa ya ce wani abu. Shi kuwa carbinsa kawai yake ja. Na je na kira Dadi, muka ɗauko mahaifina da kujerarsa muka ajiye shi a bakin ƙofa inda zai ga komai.

Abin da na sani game da yanka, daga nesa na koye shi, ina leƙe ta taga in na rasa aiken da zan fake da shi. Na wasa wuƙar a bayan ɗaki inda dabbar ba za ta gani ba. Na ba ta ruwa ta sha. Ɗan Tibin nan ya haƙa ɗan rami don jini, aka kwantar da ɗan akuyan a ɓarinsa na hagu, aka fuskantar da shi gabas. Dadi ya riƙe ƙafafun baya, ɗan Tibi ya riƙe na gaba. Duk wannan su suka fi ni sani, shekara da shekaru suna yi wa mahaifina. Mutanen gidan sun fito sun yi da'ira, wasu da kayan coci a jikinsu. Baffa ma ya taso daga tabarmarsa ya tsaya daf da ni ta hannun dama, har ina jin ƙamshin turarensa.

Ƙa'idar da na sha jin mahaifina yana faɗa ita ce, in ka ɗora wuƙa, ba ka ɗaga hannu sai ka gama. In ka ɗaga a tsakiya ka dawo, ka ɓata yankan, ba mai ci. Na durƙusa, na kama haɓar dabbar, na ji ɗumin wuyanta da bugun jininta a tafin hannuna. Na yi bismilla na yi kabbara, na ja wuƙar. Hannuna ba ƙarfi, ta shiga amma ba ta kai ba. Dabbar ta yi wani irin kuka ta fizge, jini ya feso mini a hannun kaftani, idona ya fara ganin duhu-duhu. Hannuna ya kama rawa, duk jikina yana ce mini in saki in tashi. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi Dadi ba.

"Ci gaba, ina riƙe da shi," ya ce a hankali. "Ba zai je ko'ina ba."

Daga bakin ƙofa kuma na ji muryar mahaifina, da ƙyar, kalma ɗaya tana jan ɗaya: "Kar ka ɗaga."

Ban ɗaga ba. Na danne na ja har na ji wuƙar ta gama aikinta, jinin ya zuba a ramin, dabbar ta yi shure-shurenta ta yi shiru. Yara suka yi tafi, Bayarabiya ta sa mini albarka da yarenta. Na miƙe cikin natsuwa irin ta manya, na ajiye wuƙar, na zagaya bayan banɗaki na amayar da duk abin da ke cikina. Momi ce ta biyo ni da ruwa a kofi, tana dariya tana cewa ga nas ɗin da za a ba asibiti. Da na dawo tsakar gida, an hura wuta za a babbake ɗan akuyan yadda suke yi, Baffa kuma ya koma kan tabarmarsa.

Wunin ranar ya yi mini tsawo. Da azahar kwanuka suka fara ƙetare tsakar gida, shinkafa da miya da farfesu. Mahaifiyata ta ba mahaifina romo a cokali, ya sha fiye da yadda ya saba. Ta ajiye wa Baffa nasa kwanon, ya yi godiya, ya ce tuwon jiya ya ishe shi. Bai hana kowa ci ba, bai kuma yi wa kowa magana ba. Ni dai ina zaune ina kallon jakarsa da ke rataye a ƙusa, ina tunanin ta inda za mu fara ɗaure kaya. Mahaifiyata ma na ga tana kallon tukwanenta.

Sai da muka fito daga sallar la'asar, muna tafe a kan hanya mu biyu, ya yi gyaran murya. Ya ce yankana ya yi, ya duba bai ga aibu a cikinsa ba, sai dai hannuna yana bukatar ƙwari. Sannan ya ce ya yanke shawara. Zai tafi da mahaifina, da mahaifiyata da ƙannena. Ni kuma in zauna in yi karatuna.

Ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Na shiga roƙonsa ya bar mahaifina, na kawo maganar asibiti da abin da Momi ta ce. Ya girgiza kai. Ya ce mutanen gidan nan sun yi abin da ko ɗan'uwa sai haka, amma shi ba zai iya kwana a ƙauye ba alhali maƙwabta ne suke ɗaga ƙaninsa zuwa banɗaki, danginsa kuma suna raye. Na ce to ni ma zan bi su, ai mahaifina yana bukatar mai ɗaga shi. Ko ni na ji maganar ba ta fito da ƙarfi ba. Baffa ya tsaya a gefen hanya ya dube ni, ba da fushi ba.

"Da niyyar tafiya da kai na zo," ya ce. "Amma ɗazu da hannunka ya yi rawa, ina tsaye a kusa da kai, ni da nake yanka tun ba a haifi ubanka ba. Ba ni ka duba ba. Ban ji haushi ba, wanda ka sani ka duba. In na kai ka gida, haka za ka yi ta waige, kuma ba za ka ga wanda kake nema ba. Kai ɗan nan ne. Zauna."

Ya ci gaba da tafiya, na biyo shi a baya. Na samu abin da nake ta addu'a a kansa, amma ji nake kamar an sallame ni daga wani gida da ban taɓa zama a cikinsa ba.

Bayan sabuwar shekara Dadi ya kai su tashar Utako a motarsa. Mu biyu muka ɗaga mahaifina muka zaunar da shi a kujerar gaba ta motar haya, na gyara masa ƙafar da ba ta motsi, na sa masa matashi a bayansa. Na sake gaya masa a kunne cewa in yana so in biyo su, zan biyo. Ya kama wuyan rigata da hannun hagu ya ce in yi karatu, sai da ya maimaita kafin na gane. Mahaifiyata da Momi suka rungume juna suna kuka a tsakiyar tasha, 'yan kamasho na kallonsu. Aka mayar wa mai gidan hayar ɗakinmu, ni kuma aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin 'ya'yan Dadi maza. Momi ta sauko da tukunyar nan da ta ware, ta zama ta kullum.

Na je na ga mahaifina a hutun farko, na tarar ana kula da shi sosai, 'ya'yan Baffa suna ta hidima da shi, amma ƙafar ta riga ta sandare. Da damina ta yi nisa, wata safiya ina aji aka kira ni a waya aka ce ya rasu. Dadi ya bar aikinsa ya ɗauke ni, bai tsaya ko'ina ba sai shan mai. Duk da haka da muka isa an daɗe da dawowa daga maƙabarta, don gawa ba ta jiran ɗan da ke Abuja. Baffa ne ya kai ni ya nuna mini kabarin. Ƙasar ba ta bushe ba.

Na daɗe ina juya safiyar nan ta Kirsimeti a raina. Ban taɓa jin na yi laifi ba, don mahaifina ne ya miƙo mini wuƙar, kuma ya san abin da yake yi fiye da ni. Baffa ma ban riƙe shi a zuciya ba, gaskiya ya gani ya faɗa. A da in aka tambaye ni ɗan ina ne, sai in shiga kame-kame, in ce asalinmu wajen Malumfashi amma a Abuja aka haife ni, kamar mai ba da haƙuri. Yanzu Jikwoyi kawai nake cewa. Gidan nan shi ya koya mini abin da zan so in zama, shi ya ba ni bakin da nake magana da mutane, shi ya ba ni wanda zan duba in hannuna ya yi rawa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, in wuri ya riƙe ka haka, akwai inda yake hana ka zuwa.

Yau ni nas ne, kuma a ɓangaren masu shanyewar jiki nake aiki, ni na zaɓa. Jini ya daina ba ni tsoro tuntuni. Kullum ina juya iyayen mutane a gado, in yi musu wanka, in lanƙwasa musu ƙafa in miƙe, in gaishe da kowa da yarensa har ya yi murmushi. Wasu da yawa sun tashi sun taka a gabana. Ina son aikin nan, ba zan canja shi da wani ba. Amma har yau, duk lokacin da na zura hannu a ƙarƙashin kafaɗar wani dattijo zan ɗaga shi, sai na tuna cewa nawa uban, a watanninsa na ƙarshe, wasu ne suka ɗaga shi.